Manhajar lissafin haraji a kwamfutoci biyu ko uku na gida: wacce ta dace ka saya?

Duk wanda ke yi wa 'yan kasuwa lissafin haraji daga ɗakin gidansa ya san ranar da kwamfuta ɗaya take kasa isa. Ga 21 ga wata ta matso, ranar ƙarshe ta miƙa bayanan harajin VAT, kana tsakiyar haɗa lissafin wani mai shago, yaronka kuma yana tsaye da tarin rasitai yana jiran ka tashi. Sai a ƙaro kwamfuta ta biyu, a fara yawo da fayil a filashi. Ba a yin wata biyu sai ka tarar da littafi ɗaya ya zama biyu, kowanne da jimillarsa, ba ka san na gaskiya ba. A nan ne mutum yake fara tambayar manhajar da za ta bar mutum biyu ko uku su yi aiki a littafi guda.

Abin da nake fara faɗa wa duk wanda ya kira ni in haɗa masa kwamfutoci shi ne ya bambance lissafi da miƙa bayanai. Miƙawa a shafin hukuma ake yi. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta buɗe shafinta na TaxPro Max a 2021, kuma daga farkon 2026 hukumar ta koma NRS a ƙarƙashin dokokin harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025. Harajin albashi, wato PAYE, na ma'aikatan 'yan kasuwa kuwa hukumomin jihohi ake kai wa, kamar KIRS a Kano da KADIRS a Kaduna. Aikin manhajar da za ka saya shi ne ta riƙe maka ciniki da kashe-kashe, ta fitar da alƙaluman da za ka ɗauka ka zuba a can. Saboda haka idan ka ga ana tallar TurboTax ko H&R Block a intanet, wuce abinka. An gina su ne a kan takardun harajin Amurka, ba su da abin da za su yi wa mai shago a Kantin Kwari.

Mafi arha shi ne Excel, kuma ba na raina shi. Sai dai idan ka ajiye fayil ɗin a kwamfuta ɗaya ka raba shi ga sauran, wanda ya fara buɗewa shi kaɗai zai iya rubutu, na biyu sai kallo. Google Sheets ya warware wannan, kyauta ma, amma sai da intanet. Babbar matsalarsu kuma ba su hana kuskure: yaro zai goge ƙa'idar lissafi a gida ɗaya na jadawalin, babu abin da zai yi ƙara. Ga mai abokan hulɗa uku ko huɗu, ya isa. Da sun kai goma, ka wuce wurin.

Ainihin zaɓin yana tsakanin iri biyu: manhajar da ke zaune a kwamfutarka, da wadda ke zaune a intanet kana biya wata-wata.

Ta intanet, irin su QuickBooks Online da Zoho Books da Xero, daɗinta a fili yake. Babu jan waya, babu uwar garke (kwamfutar da ke riƙe fayil ɗin ga sauran), babu fargabar faifai ya ƙone. Kowa ya buɗe shafi ya sa kalmar sirrinsa, ko a wayar hannu ne. Idan kasuwancinka ɗaya ne, kai da matarka da yaron shago kuke shigar da ciniki, kuma kana da sola da data mai ƙarfi, wannan nake ba ka shawara, ba sai ka sha wahalar komai ba. Amma akwai abin da masu talla ba sa saurin faɗa: yawancinsu kuɗin wata na kamfani ɗaya ne. Akanta mai riƙe da littattafan mutum goma sha biyar zai biya sau goma sha biyar, ko ya lallashi kowane ɗan kasuwa ya biya nasa, kuma kowa ya san yadda wannan maganar take ƙarewa. Idan farashin da dala ne, to duk motsin canji a aljihunka zai ƙare. Tambayi ko ana karɓar naira, tambayi mutum nawa tsarin da ka zaɓa ya yarda su shiga, ka kuma tambayi yadda za ka kwashe bayananka ranar da ka daina biya.

Manhajar da ke zaune a kwamfuta ita ce ke buƙatar haɗi, kuma ita ce ta fi dacewa da mai littattafai da yawa, domin da lasisi ɗaya za ka buɗe kamfanoni iya son ranka, ko da intanet ko babu. Uku ne aka fi gani a wurinmu.

TallyPrime ta wani kamfanin Indiya ce, kuma tsarin lasisinta shi ya fi sauƙin fahimta. Silver na kwamfuta ɗaya ne. Gold kuwa na duk kwamfutocin da ke kan haɗi ɗaya ne, ba a ƙidaya su, farashinsa kuma kusan ninki uku na Silver. Sau ɗaya ake sayen lasisin, sai kuɗin sabuntawa na shekara idan kana son sababbin gyare-gyare. Ba ta da nauyi, tana tafiya a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, kuma wanda hannunsa ya saba da madannai zai shigar da rasit ɗari kafin wani ya gama hamsin. Kwanakin farko dai sai an daure, don fuskarta ba ta kama da abin da aka saba gani a Windows. Ka lura da lissafin nan: idan kwamfutoci biyu kawai gare ka kuma kowa da littattafansa daban, Silver biyu sun fi Gold arha. Idan kuwa littafi ɗaya za ku riƙa taɓawa tare, Gold ne.

Sage 50 ita ce tsohuwar Peachtree, wadda akantoci da dama suka koya tun suna makaranta. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin samun wanda ya iya ta ba ya wuya. Lasisinta da yawan masu amfani ake saye, kuma yanzu biyan shekara-shekara ne. Sai an fara sa ta a uwar garke kafin sauran, kuma takan yi gardama idan hanyar da ke kai wa ga fayil ta canja.

QuickBooks Desktop kuwa ina jan kunne a kanta, duk da farin jininta. Intuit, kamfanin da ya yi ta, ya daina sayar wa sababbin masu saye nau'inta na Pro da Premier a Amurka tun ƙarshen Satumban 2024, ya bar Enterprise mai tsada. Don haka wanda ya ce zai sa maka QuickBooks Desktop a kan 'yan dubbai, ka tambaye shi daga ina lasisin ya fito. Manhajar da aka fasa ba ta karɓar gyara, kuma ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba, alhali lambobin haraji da bayanan banki na mutane za ka zuba mata. Amana ce aka ba ka, kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana kanka.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi Sage 50 da QuickBooks na Amurka baki ɗaya: jadawalin albashinsu na can ne. VAT na kashi 7.5 da hannunka za ka saita shi, wannan mai sauƙi ne. PAYE shi ne aiki. Daga 2026 naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, a haka har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50, ga kuma rangwamen kuɗin haya na kashi 20 wanda ba ya wuce naira 500,000. Duk jadawalin da aka gina a kan tsohon tsari na kashi 7 zuwa 24 zai ba ka amsar da ba daidai ba. Kafin ka biya mai sayarwa, ba shi albashin mutum ɗaya ya lissafa a gabanka, ka gwada da naka na biro da takarda.

Sai maganar haɗin kansa, inda mutane suka fi yin rowa kuma suka fi yin asara. Na taɓa zuwa gidan wani akanta da fayil ɗinsa ya ƙi buɗewa ana saura kwana biyu a miƙa VAT. Kwamfutocinsa uku duk a kan waifai suke, aka ɗauke wuta yaronsa yana tsakiyar ajiye bayani, rauta ta mutu, fayil ya lalace. Kwafin da ya fi kusa na makonni uku baya ne. Har yau ina jin nauyin fuskarsa a ranar. Wayar haɗa kwamfutoci ta Cat6 'yar mita kaɗan da ƙaramin suwic (akwatin da wayoyin ke haɗuwa a cikinsa) mai ƙofa biyar da sun hana rabin wannan, ƙaramin UPS (batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke) a kan rautar da suwic ɗin ya hana sauran rabin. Irin waɗannan manhajoji suna rubutu a fayil ne kai tsaye ta cikin haɗin, yankewar daƙiƙa ɗaya tana iya ɓata shi. Waifai na kallon bidiyo ne da saƙonni, littafin kuɗi a ba shi waya. Ƙaramar MiFi ta aljihu ma yawanci ba ta da ƙofar waya, sai ka nemi rauta mai ƙofofi.

Wacce kwamfuta za ta zama uwar garke? Ni nakan zaɓi ta tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir, saboda halin wutarmu, bisa sharaɗi biyu: ba ta fita daga gida, kuma a hana ta barci a saitin wuta. Idan ta tebur ce, UPS ya zama dole. Ka nemi faifan SSD da RAM na 8GB zuwa sama. Idan ta hannu za ka saya a Beirut Road ta Kano ko Banex ta Abuja, duba cewa tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya dakatar da tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, sabuwar kuma tana neman Intel na ƙarni na takwas zuwa sama.

A ba uwar garken lambar IP tsayayya, wato adireshinta a kan haɗin, in ba haka ba rauta za ta canja mata lamba wata safiya, sauran kwamfutocin su neme ta su rasa. A sa haɗin a matsayin na gida a saitin Windows, a buɗe wa manhajar hanya a katangar tsaro maimakon a kashe katangar gaba ɗaya kamar yadda wasu masu gyara ke yi don su gama da wuri. Duk kwamfutocin su kasance a kan fitowa ɗaya ta manhajar. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, yaro ya iya shigarwa amma kada ya iya gogewa. Wayoyin yara da na baƙi kuma a tura su layin baƙi na rautar.

Kada ka ajiye fayil ɗin da ake aiki a kansa cikin jakar Google Drive ko Dropbox mai kwafa da kanta. Kwafin ajiya da manhajar ta fitar shi ake turawa can. Doka tana son a riƙe bayanan haraji shekara shida, don haka kwafi ɗaya a faifan waje, ɗaya a wajen gida, kuma sau ɗaya a wata ka buɗe kwafin a wata kwamfuta ka tabbatar yana aiki.

Idan da ni ne ke riƙe da littattafan mutum goma zuwa sama da mataimaki ɗaya ko biyu, TallyPrime Gold zan ɗauka a kan haɗin waya, sai dai in dukkanmu mun riga mun ƙware a Sage, to zan zauna a kanta. Kuma ba zan yi ƙaura a tsakiyar wata ba. PAYE yana jira ranar 10, VAT ranar 21, bayanan shekara na ma'aikata 31 ga Janairu, na ɗaiɗaikun mutane 31 ga Maris. Makon da ke bayan 21 shi ne sarari. A cikinsa za a ja waya, a sa manhaja, a buɗe kamfanin gwaji, mutum biyu su shigar da rasitai lokaci guda, sannan a kashe wutar gidan daga mita a ga ko haɗin zai tsaya kafin a ba mai sayarwa cikon kuɗinsa.