Sarkin gidan da munka samu ta hannun masu kawo ma'aikata

Jama'a wanga bayani a kan wani ofis ne nan Sakkwato da ke samar da masu aikin gida, kuku da direba da maigadi, ba zan kama suna ba don ina da ƙorafi ciki. Mu sarkin gida munka je nema. Tsohon namu ya rasu bara, Allah shi jiƙan shi, sama da shekara 30 makullin sito na hannunshi, to tun da ƙasa ta rufe mai ido gida ya rikice, buhun shinkafar da ke kai mu wata sai a wayi gari ya ƙare sati biyu kuma kowa ka tambaya sai ya ce ba shi ba ne.

Wasu na ɗauka sarkin gida babban boyi ne kawai. Wallahi ba haka ba. Shi ke auna gero da mudu a kai niƙa, shi ke zuwa Babbar Kasuwa cefane, in layya ta matso shi ke shiga Kara ya taya rago, shi ke biyan 'yan aiki ya raba musu faɗa, kuma a zaure shi ya san wanda za a yi ma iso wajen Alhaji yanzu da wanda za a ba fura ya ɗan jira. Ko a fada ai haka abin yake, dubi fadar Kano, masu sarautar Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama su ke riƙe da cikin gida tun da can.

Wanda sunka kawo muna dattijo ne mai natsuwa, ranar farko littafi ya nema ya ƙirga duk abin da ke sito a gaban Inna, har galan ɗin manja. Da azumi na ga aikinshi, zafin nan namu da ke haura digiri 40 ga wuta babu, amma kafin a kira magariba kunun tsamiya da ƙosai da ƙanƙara sun isa kowane sashe har na almajirai da maƙwabta, kuma canji ko naira ɗari ce sai ya maido ya rubuta. Nan kam na yaba.

Inda sunka gaza, ofishin bai zauna da mu ya tambayi yadda gidan yake ba, mota kawai ta sauke shi. Sati na biyu Goggo ta zo daga Wurno, yayar Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, ya tsayar da ita a zaure wai sai ya yi mata iso. Ranar gida bai kwana lafiya ba, sai da ya durƙusa ya ce Hajiya a yafe mani ban sani ba, ta ce to Malam ka koyi fuskoki kafin ka koyi makulli. Ni ban ga laifinshi ba, tsohon namu cikin gidan ya tashi shi kuwa baƙo ne. Sannan kuɗin da ofishin ke yanka cikin albashinshi na farko ya yi yawa, na kira su na faɗa musu.

Mun dai bar shi ya ci gaba. In za ku ɗauka ku nemi mai tsaya mai wanda kun san gidansu, kuma ku haɗa shi da wata tsohuwa ta gida ta yini tana lissafa mai dangi kafin a miƙa mai makulli.