Kaura ta gado ko gajeren iri mai saurin nuna? Ga abin da na gani a gonata

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda gonar taka a wajen Soba take, kuma tsakanin dawar Kaura ta gida da sabon irin dawa mai saurin nuna kake shawara, ni dai Kaura zan ce ka shuka. Sai dai ka yi mata hidima irin ta zamani, kada ka watsa ta ka juya baya.

Kaurar da nake shukawa a Giwa daga hannun marigayi mahaifina na gaje ta, Allah ya jiƙansa. Duk kaka, kafin a sa lauje, yakan zaga gona da kansa yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta cika, ƙwayarta manya, rawaya fes, ba burtuntuna a jikinta, ita yake yankewa daban, a ɗaure, a rataye a madafa inda hayaƙi ke bugunta har damina ta zagayo. Ƙwaro bai taɓa cin mana iri ba. Ina yaro gani nake al'ada ce kawai, sai da na girma na gane zaɓen iri yake yi, shekara da shekaru, har dawar ta saba da ƙasarmu da ruwanmu.

Babban sirrin Kaura shi ne ba ta lissafi da ranar da ka shuka ta, da tsawon yini take aiki. Ka shuka a farkon Yuni, maƙwabcinka ya makara har ƙarshen wata, kusan tare za su fid da kai, daidai lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa. Ƙwaya sai ta ƙosa cikin busasshiyar iska, a girbe ta a Nuwamba ko Disamba tsaf, ba fumfuna, ba baƙi. Kuma da yake duk karkara tare take nuna, ɓarnar tsuntsu raba ta ake yi, kowa ya ɗauki kaɗan. Ga kara mai tsawon mita 3 zuwa 4: darni, rumfa, makamashi, abincin shanu da rani. Bara kuɗin karan kaɗai ya biya min masu yanka. Tuwonta kuwa iyalina ba sa haɗa shi da na kowace dawa.

Gajeren irin na taɓa saye sau ɗaya, na yi nadama. Ya nuna a Satumba ana tsaka da ruwa, zangarniya ta yi baƙi, kuma gonata ce kaɗai mai ƙwaya a yankin, tsuntsaye suka tare a kanta. Ba zan ce ba shi da amfani ba, ya dace da can arewa inda damina gajeriya ce, amma ba na nan ba ne.

Abin da ya canza min Kaura shi ne yadda nake noma ta yanzu. Kafin shuka ina cuɗa iri da maganin Apron Star, ƙunshi ɗaya mai giram 10 ga kilo 4 na iri, saboda burtuntuna da ƙwarin ƙasa. Kunya da kunya santimita 75, rami da rami wajen 30, bayan sati biyu a rage a bar biyu-biyu. Mutanenmu suna jin ciwon cire shuka mai rai, amma shida a rami ɗaya kara za su ba ka, ba hatsi ba. Takin gida nake fara zubawa tun kafin huɗa, sannan takin zamani na NPK da wuri, a tona a binne kusa da gindi, kada a bar shi a sarari rana da ruwa su cinye. Uriya kuma sai ta kai sati biyar zuwa shida. A nan ka yi hattara: dogon iri ba ya son a cika masa uriya kamar masara. Na ga gonar da aka yi wa haka, ta yi kore shar har mutane na tsayawa kallo, iskar ƙarshen damina ta zo ta kwantar da ita gaba ɗaya. Rabin abin da za ka ba masara ya ishe ta.

Wuta-wuta, ciyawar nan da ke kama saiwar dawa tana tsotse ta, ita ce raunin Kaura, ba zan ɓoye maka ba. Idan gonar tana da ita, ka tuge ta kafin ta yi fure ka ƙone, domin ƙwayarta na iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Ni ina juya gonar ne, bana dawa, baɗi waken suya. Waken yana sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu, ya kuma bar wa ƙasa ƙarfi.

Wuri ɗaya ne zan sassauta. Tun da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988, kamfanonin da ke yin lemon malt suka koma kan dawa, kuma su ƙwaya iri ɗaya suke so, ba gauraye ba. Idan kana da mai saye irin wannan a hannu, nemi SK5912, gajeriyar Kaura da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar, wadda ake kira SAMSORG 17. Jininsu ɗaya da tamu, ba ta gaggawar nuna, kuma ta fi ɗaukar taki ba tare da ta kwanta ba. Samaru ba nisa daga Soba, ka je da ƙafarka ka tambaya.

Ba ka tambayi wannan ba, amma dole in faɗa. Da zarar ruwan farko ya sauka, kasuwanninmu na cika da masu sayar da iri na bogi. Dawar ci suke aunowa a kasuwa, su rina ta da jan kala, su ɗura a leda mai hoto, su ce ingantacciya ce. Ni wanda ya sayar min da nawa ko sunan irin bai iya faɗa min ba, "mai kwana tamanin" kawai yake ta maimaitawa. Duk ledar da ba ta da sunan iri, da ranar da aka ɗura, da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ajiye masa kayansa. Ko Kaurar ma kada ka auna a bakin mai awo, domin gauraye take da Farafara da abin da ya samu. Je wurin dattijon manomi a ƙauyenku wanda ka ga gonarsa da idonka bara, ka saye ta a zangarniya. Ka ƙirga ƙwaya 100, ka naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka riƙa yayyafa ruwa har kwana bakwai. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, nemi wani.

Idan ka rasa mai kyau a wajenku, yi min magana kafin ƙarshen Mayu. Akwai dami biyu da na ware a rataye, zan iya ba ka tiya uku ka fara da su.