Rigar sanyi ta ulun Marino da labarin da aka rataya mata

Hunturu biyu ke nan ina sa wannan rigar sanyi da na saya a wani kanti a birnin Sidni na Ostareliya, saboda haka ina ganin na san ta daidai gwargwado. An saƙa ta da gashin tumakin Marino zalla, kaurin silinsa maikuron 18.5, wato siriri ne ƙwarai, shi ya sa ko an ɗora ta a kan fata kai tsaye ba ta sa ƙaiƙayi irin na ulun da muka saba gani a gwanjo. Ba ta da nauyi, kuma ba ta riƙe warin gumi. Aibinta shi ne son lallaɓa: ranar da na shanya ta a igiya tana jiƙe, kafaɗunta suka saki, har yau ba su koma yadda suke ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan katin da aka rataya a wuyanta, wanda ya kira John Macarthur uban ulun Ostareliya, kamar shi kaɗai ya yi aikin. Tumakin Marino na farko dai Kyaftin Henry Waterhouse da William Kent ne suka kawo su Ostareliya daga yankin Kef na kudancin Afirka a 1797, Macarthur kuwa ɗaya ne cikin waɗanda suka saya, kamar yadda limamin Kirista Samuel Marsden ya saya. A 1801 Macarthur ya harbi shugabansa na soja, William Paterson, a wani fito-na-fito, King, gwamnan mulkin mallakar Birtaniya a wurin, ya tura shi Ingila domin a yi masa shari'a, shi kuma ya tafi da samfurin gashin tumakinsa a cikin kaya. Ya iske masaƙun Ingila cikin fargabar yaƙin Napoleon zai yanke musu ulun Sifaniya, sai ya rubuta takarda a 1803 yana nuna wa hukuma cewa Sabuwar Wels ta Kudu, yankin Ostareliya da yake zaune, za ta iya cike giɓin, muddin aka ba shi fili da fursunonin da za su yi kiwo. Joseph Banks, masanin da ke ba hukuma shawara, bai gamsu da shi ba, amma Lord Camden, ministan ƙasashen mulkin mallaka, ya amince a ba shi eka 5,000 a Cowpastures, wurin kiwo mafi kyau da Turawa suka sani a yankin a lokacin, ƙasar da take ta 'yan asalin wurin ce. Mutumin da ya tafi a matsayin wanda ake tuhuma ya dawo a 1805 da takardar fili da tumakin da ya saya daga garken Sarki George na Uku.

Katin bai ambaci matarsa Elizabeth ba ko da kalma ɗaya, alhali ita ce ta riƙe garken daga 1809 zuwa 1817, shekarun da mijin ya yi a waje bayan hannun da ya sa wajen hamɓarar da Gwamna Bligh a 1808. Da wurin rubutu ne ya yi wa masu rigar kaɗan, da sai su rage kirarin su sa sunanta.

Rigar dai ta cancanci kuɗinta, kodayake tana da tsada. Wanda zai saya ya wanke ta da ruwan sanyi, ya shimfiɗa ta a kan tawul ta bushe, sannan in zafi ya shigo ya adana ta cikin jaka mai zif saboda asu.