Littattafan Where's Wally: ku sayi manyan, ku ƙyale na aljihu

Masu tambaya ko littattafan nan na neman Wally sun cancanci a kashe musu kuɗi, eh sun cancanta, amma fa da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne girman littafin da za ka ɗauko. Bari dai in fara da yadda abin yake saboda wanda bai taɓa riƙe shi ba.

Wani mai zane ne ɗan Ingila, Martin Handford, haifaffen Landan a 1956, ya fitar da na farko a 1987 ta hannun kamfanin Walker Books. Tsarin ba wani wahalar fahimta, ka buɗe shafi biyu a haɗe sai ka tarar da ɗaruruwan mutane 'yan mitsi-mitsi sun cika takarda maƙil, kowa na harkar gabansa, a cikinsu kuma akwai wani siririn mutum mai riga mai ratsin ja da fari, da hula mai tuntu, da tabarau zagayayye. Aikinka ka gano inda ya maƙale. A baki kamar wasan yara, amma wallahi sai ka ga babban mutum da gemunsa ya yi shiru ya ƙura wa takarda ido yana bin ta da yatsa, shi kuma mai zanen mugu ne na gaske, don da gangan yake watsa abubuwa masu ratsin ja da fari ko'ina, nan laima, can tawul, can rigar wata mata, idonka ya yi tsalle ka ce ga shi, ashe ba shi ba ne.

Kafin in manta, a Amurka da Kanada sunansa Waldo, a Faransa Charlie, a Jamus Walter. Na faɗi haka ne don kar mutum ya ga Where's Waldo ya ɗauka wani sabon littafi ne ya sake saya, hotunan ɗaya ne.

Na farkon yana da wurare 12: cikin gari, bakin teku, wajen zamiya a kan ƙanƙara, tashar jirgin ƙasa, filin jirgin sama, filin wasanni, gidan tarihi, babban kanti, da sauransu. Wally yana farawa ne da kaya niƙi-niƙi a bayansa, kuma a kowane shafi sai ya yar da abu ɗaya, buta, kofi, guduma, shebur, har sandarsa, to bayan ka gama nemansa sai a ce maka koma baya ka nemo kayan. A bugun da aka sabunta daga 1997 an ƙara abokan tafiyarsa a ciki, Wenda mai irin shigarsa, da tsohon boka mai dogon farin gemu, da Odlaw mai ratsin baƙi da rawaya, da kare Woof wanda yawanci jelarsa kawai ake gani, kuma jelar ma ratsin ja da fari gare ta. Kowannensu, har da Wally, da abinsa da ya ɓata, mabuɗi, ƙashi, kyamara, naɗaɗɗiyar takarda, madubin hangen nesa. An kuma canja wa Wally wurin ɓuya a wannan bugun, saboda haka wanda ya haddace tsohon tun yana yaro kar ya zo yana cika baki.

To ni dai a wajena gano Wally shi ne abu mafi ƙarancin daɗi a littafin. Da zarar yaro ya gan shi sau ɗaya shi kenan ya riƙe wurin, gobe kafin ka gama buɗe shafin ya ɗora yatsa. Da a ce abin da ke ciki kenan da littafin kwana biyu ne. Abin da ke sa a dinga komawa shi ne jama'ar, don babu wanda aka zana don cike gurbi kawai, kowane lungu da ɗan labarinsa: wani yana dab da faɗawa cikin abin da bai gani ba, wasu sun kaure da faɗa, wani ya yi shigar da ba ta dace da wurin ba sam, kare ya cafki wani ta baya, kuma sau da yawa abin sarƙa ne, wannan ya ture wancan, wancan ya zubar da abu a kan na gaba, sai ka bi layin da ido har ƙarshen shafi kana dariya kai kaɗai. An sha ruwaito cewa zane ɗaya kan ci wa Handford har mako 8, kuma in ka zauna da shafi ɗaya za ka yarda. A bayan littafin akwai jerin abubuwan da za a nemo a kowane wuri, wannan jerin shi ke ja maka littafin ya yi watanni.

Yanzu maganar girma. Akwai bugun da aka haɗa duka littattafan guda 7 a ƙaramin kundi ɗaya na tafiya, akwai kuma 'yan ƙanana da ake sayarwa cikin kwali har da gilashin ƙara girma. A ido abin sha'awa, ga sauƙin ɗauka, ga littafi bakwai a hannu ɗaya, mutum zai ga kamar ya ci riba. Amma ka yi tunani, zanen da tun asali mutanen cikinsa ƙanana ne a babban shafi, sai kuma a matse shi, fuskoki su koma kamar ƙwayar gero. Wally dai za ka same shi in ka dage, tunda launinsa na nan, amma barkwancin da na gama yabo duk ya mutu, ba ka ganin yanayin fuska, ba ka gane wa ya ture wa, mabuɗin nan da ƙashin kare kuwa sai dai a yi haƙuri. Shi kuma gilashin yana nuna maka ɗan da'ira ne kawai, alhali daɗin abin ka ga fili gaba ɗaya idonka na yawo inda ya ga dama. Ga kuma matsalar tsakiyar littafi, inda shafuka biyun suka haɗu, a kundi mai kauri wurin yana nutsewa ciki ya haɗiye wani ɓangaren zanen, sai ka danne shi da ƙarfi, dannewar kuma ita ke karya ɗinkin. Sannan babba yana ɗaukar yara uku a kwance a ƙasa kowa da kusurwarsa, ƙaramin kuwa mutum ɗaya ne, sauran sai rigima. In don doguwar tafiya ce kuma mai amfani da shi babba ne mai lafiyar ido, to ba laifi. Don yara a gida, gara ka sayi biyu manya da ka kwashi bakwai ƙanana.

Wanne za a fara da shi? Na 1987, shi ya fi sauƙi, akwai ɗan sarari tsakanin mutane. Na biyu, Where's Wally Now? na 1988, yawo ne cikin tarihi, daga mutanen kogo zuwa masu gina dalar Masar, Rumawa, Japan ta zamanin mayaƙan samurai, har zuwa sararin samaniya, kuma shi na fi so duk a cikinsu saboda yana jawo tambaya daga bakin yaro. Na uku, The Fantastic Journey na 1989, nan ne aka cire tausayi. Shafinsa na ƙarshe gari ne guda da kowa a cikinsa Wally ne, riga ɗaya hula ɗaya, na gaskiyar ana gane shi ne kawai da cewa takalminsa ɗaya ya ɓata. Kar ka ba ɗan shekara biyar wannan, kuka zai yi. Na Hollywood na 1993 kuwa rabin daɗinsa sai wanda ya san tsofaffin finafinan Amurka, ni shi ne na ƙarshe a lissafina.

Rubutu kaɗan ne a ciki, ɗan taƙaitaccen bayani ne a gefen kowane hoto, saboda haka yaron da bai iya karatun Turanci ba zai more shi sarai. Inda za a ɗan maƙale shi ne jerin bayan nan, da yawansu wasa ne da kalmomin Turanci, sai babba ya taya, wasu ma babban sai ya tsaya.

Akwai abin da ya kamata iyaye su sani. Shafin bakin teku mutane ne cikin kayan wanka, kuma a bugun farko akwai wata 'yar mitsitsiyar mata da ba ta da riga a sama, abin da ya sa littafin ya shiga jerin waɗanda aka fi kai ƙorafi a kansu a ɗakunan karatu na Amurka a shekarun 1990, daga baya an rufe ta a sabon bugu. Akwai kuma yaƙe-yaƙe da duke-duke na barkwanci musamman a na biyu da na uku, ga boka, ga dodanni. Ka buɗe ka duba da kanka kafin ka miƙa, ko wane gida da ma'auninsa.

Ga 'yan ƙasa da shekara biyar ni ba zan ma ba da shawarar Wally ba. Jamusawa suna da nasu salon na hotuna masu cunkoso tun kafin shi, Ali Mitgutsch ya fitar da nasa a 1968, sai Rotraut Susanne Berner da ta yi jerin na lokutan shekara daga 2003, ba rubutu a shafukan, kwali ne mai kauri da ba ya yagewa da wuri, kuma mutanen da ka gani a shafin farko su za ka ci gaba da bi har ƙarshe kana ganin me ya faru da kowa. Babu cin jarrabawa ko faɗuwa, yaro zai nuna ya ba ka labari da bakinsa. Wally ya fi zama daidai daga shekara shida zuwa sama, lokacin da yaro zai iya jure neman abu bai samu ba.

Masu sayen na hannu kuma a buɗe kowane shafi a duba kafin a biya, domin cutar da ke kashe irin wannan littafin ita ce biro. Yaro ɗaya ya zagaye Wally da jan biro a shafuka 12 ya gama da shi ga duk wanda zai zo baya. In a intanet za ka saya, ka duba tsawo da faɗin da aka rubuta a bayanin kayan, hoton bango ba ya nuna maka babba ne ko na aljihu.