Dino-Lite Edge AM4115ZT: shin yana iya raba haƙoran dainoso masu sulke?

Sunan Dino-Lite ba shi da wata alaƙa da dainoso. Kamfanin AnMo na Taiwan ne ke ƙera shi, kuma masu gyaran allon lantarki da masu duba tsabar kuɗi suna cikin masu sayensa. Ƙaramin maikuroskop ne mai kama da tocilan, ana jona shi da kwamfuta ta USB, hoton ya fito a allo. Samfurin AM4115ZT yana ɗaukar hoto mai ɗigo (pixel) 1280 sau 1024, yana ƙara girma har ninki 220, yana da fitilun LED guda 8 zagaye da bakinsa, da matacin ƙyalli da ake murzawa da yatsa. Aikin da aka auna shi da shi a nan guda ɗaya ne: tantance haƙoran ankiloso, wato dainoso masu sulken ƙashi, waɗanda suka zama dutse.

Wahalar aikin daga ƙanƙantar haƙorin take farawa. Ankylosaurus magniventris, wanda Barnum Brown ya raɗa wa suna a 1908 daga duwatsun Hell Creek na jihar Montana a Amurka, dabba ce mai nauyin tan da yawa, amma kan haƙorinta bai cika santimita ɗaya ba. Siffarsa kamar ganye, faffaɗa, gefunansa da ƙananan tsinaye irin na zarto. Dangin sun kasu gida biyu: Ankylosauridae (ankilosorid) masu kulki a ƙarshen wutsiya, da Nodosauridae (nodoso) marasa kulki. Bambancin haƙoransu yana cikin abubuwa huɗu, kuma duk maikuroskop ɗin da bai nuna su ba, kuɗinsa ya tafi a banza.

Na farko ɗamara, wato tudun da ke zagaye gindin kan haƙori daidai inda ya haɗu da saiwa. A nodoso ɗamarar tana fitowa sosai kamar dakali, a ankilosorid kuwa gindin kumbura kawai yake yi ba tare da baki mai kaifi ba. Na biyu tsagogin da ke fuskar haƙori: a nodoso suna tasowa daga tsakanin tsinaye su gangara zuwa ɗamara a jere, a ankilosorid ba sa bin tsinayen haka. Sai girma, domin na nodoso ya fi. Sai wurin cinyewa: na ankilosorid ya fi cinyewa a fuska, na nodoso a tsini. Ga Ankylosaurus kansa, ana ƙirga tsinaye 6 zuwa 8 a gefen gaba, 5 zuwa 7 a gefen baya.

A nan ne na'urar take burgewa, amma a ƙananan ninkinta. A ninki 20 tana ɗauke faɗin kusan milimita 20, haƙori gaba ɗaya da abin aunawa a gefensa. A ninki 50 faɗin ya ragu zuwa kusan milimita 8, wanda ya isa ƙirga tsinaye da bin tsagi daga sama har ƙasa. Daga nan zuwa sama, ninki 220 da ake tallatawa ba ya ƙara komai ga tantancewa. Ƙurjewar cin abinci a kan rufin haƙori, wadda masu bincike ke nazari, aikin manyan maikuroskop na ɗakin bincike ne, ba na wannan ba.

Babban aibinta fitilunta ne. Da yake suna zagaye da ido, haskensu yana sauka kai tsaye ya shafe inuwa, kuma ɗamara da tsagi ba a ganinsu sai da inuwa. Haƙorin nodoso mai ɗamara sosai zai iya fitowa a allo sumul, mai dubawa ya rubuta masa ankilosorid. Maganin shi ne a kashe fitilun daga cikin manhajar DinoCapture, a ajiye ƙaramar fitila ɗaya a gefe, ƙasa-ƙasa, haskenta yana shafar fuskar haƙorin a kwance, sannan a sa farar takarda a ɗaya gefen don ta mayar da ɗan haske. A juya haƙorin, ba fitilar ba, har tsagogin su tsaya gicciye da hasken. Matacin ƙyallin kuma a kan fitilun cikin na'urar yake aiki. Yana da amfani ƙwarai ga haƙoran Hell Creek masu baƙin rufi mai sheƙi, musamman wajen ganin launi, tsagewa da wurin da aka cike da wani abu, amma shi ma yana daɗa lafar da tudu da kwari. Saboda haka kowace fuska hoto biyu take buƙata: ɗaya da mataci, ɗaya da hasken gefe.

Riƙewa da hannu ba ya yiwuwa. Dole a sayi mazauni, kuma ba ya zuwa cikin kwalin. RK-10A na kamfanin yana da maɗaurin daidaita tsayi a hankali, yana tsayawa cak, sai dai kuɗinsa ba kaɗan ba ne a kan na'urar da ta riga ta ci ɗaruruwan daloli. Madannin ɗaukar hoto da ke jikinta ma a bar shi, taɓawa ɗaya tana girgiza hoton. A danna daga kwamfuta. Haƙorin a kafa shi a ɗan yashi mai laushi cikin murfin kwalba, a ɗauki fuskar waje, fuskar ciki, gefen gaba, sannan daga sama. Kada a yi amfani da yumɓun wasan yara, maiƙonsa yana shiga dutsen ya bar tabo.

Awo yana da nasa tarkon. Wannan samfurin ba ya karanta ninkinsa da kansa, mai aiki ne zai duba lambar da ke kan mazagayin ya rubuta wa manhaja. Aka manta aka murza bayan an rubuta, duk awon ya lalace ba tare da wani gargaɗi ba. A daidaita da ma'aunin gwaji kafin a fara, kuma a bar rula mai milimita cikin kowane hoto, a tsayi ɗaya da fuskar haƙorin. Haka nan zurfin gani gajere ne: a ninki 50, in ɗamara ta fito tar, tsinayen sun dushe. Wani samfurin kamfanin, AM4815ZT, yana haɗa hotunan zurfi daban-daban da kansa, wannan kuwa sai an ɗauki hotuna 8 zuwa 15 ana saukar da shi kaɗan-kaɗan, a haɗa su a manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker.

To, ko da hoton ya yi kyau, ina iyakar abin da zai faɗa? Yawancin haƙoran da ke yawo a kasuwa zubabbu ne, waɗanda dabbar ta zubar tana raye: babu saiwa, tsinayen sun cinye, wasu ruwa ya gurje su kafin ƙasa ta binne. Irin wannan yana rikicewa da haƙoran wasu masu cin ganye da suka rayu wuri ɗaya, wato Pachycephalosaurus mai ƙaton ƙoƙon kai da Thescelosaurus. Haƙorin pakisefaloso ya fi zama mai kusurwa uku, sau da yawa da kunya ɗaya bayyananniya a tsakiyar fuska, amma in ya cinye sai a rasa ta cewa. Wannan ruɗanin tsoho ne. A 1856 Joseph Leidy ya sa wa haƙori guda daga yankin kogin Judith suna Palaeoscincus costatus, kuma a yau masana ba sa dogara da sunan, domin haƙori ɗaya bai isa ya ware jinsi ba.

Abin da ke rage zato shi ne takardar asali. A Hell Creek, duwatsu masu shekara kusan miliyan 66 zuwa 68, ankilosorid ɗin da aka sani Ankylosaurus ne, nodoso kuma Denversaurus, don haka in an gane gida an kusa gane suna. A duwatsun Dinosaur Park na Alberta a Kanada, masu shekara kusan miliyan 76, Euoplocephalus da 'yan'uwansa ankilosorid da dama sun zauna tare, ga Edmontonia da Panoplosaurus na gidan nodoso, sai dai a rubuta sunan gida a tsaya. Haƙorin da aka ce daga Alberta ko Mongoliya yake a kasuwa abin tuhuma ne ma, saboda dokokin wuraren biyu sun hana fitar da irin waɗannan kaya don sayarwa. Wanda aka ce na ankiloso ne daga Kem Kem ta Maroko shi ma a yi hattara: ankiloson Maroko da aka bayyana a 2021, Spicomellus, daga tsaunukan Atlas ya fito, cikin duwatsun da suka girmi Kem Kem da miliyoyin shekaru.

Ga gidan tarihi, ɗakin koyarwa ko mai tarawa da ke aika hoto ga masana, AM4115ZT tare da mazauni da fitilar gefe ya cancanci kuɗinsa, duk da cewa kyamararsa ta yi kaɗan ga hoton bugawa a mujalla. Wanda haƙora biyu ko uku kawai yake da su, gilashin hannu mai ninki 10 da tocilan a gefe za su nuna masa ɗamara da tsagi. Ragowar kuɗin ya sayi fitilar UV mai nanomita 365, wadda a ƙarƙashinta gam da cikon roba sukan haska daban da dutse, domin ana samun haƙoran da aka liƙa wa saiwar wani haƙori don a ɗaga farashi.