Nikon D750 ta hannu a gidan dambe, bayan rana ta faɗi

Duk wanda yake ɗaukar hoton dambe ya san inda gizo ke saƙar. Yara da sababbin shiga ake fara sakawa tun rana tana sama, su kuwa manyan da aka biya kuɗin ƙofa dominsu sai an doshi magariba suke ɗaure hannu. Ga shi a Kano duhu ba ya jira. Da rana ta faɗi, kafin a kammala turmi biyu haske ya ragu ƙwarai, sai 'yan fitilun da aka rataya a kan turaku. Wato a lokacin da wasa ya fi daɗi, a lokacin ne kyamara take fara gazawa. Wannan ne ya sa na nemi kyamarar da za ta iya da duhu da kuma saurin hannu, a kuɗin da mai ɗaukar hoton biki da suna zai iya tarawa. Na ƙare a kan Nikon D750 ta hannu, da gilashin gaban kyamara (lens) 85mm f/1.8G, kuma na yi kakar dambe da su.

D750 tsohuwa ce. A watan Satumban 2014 ta fito, ana sayar da ita kusan dala 2,300 ba tare da gilashi ba, kuma tun farkon 2020 aka fitar da D780 a madadinta. Tsufan nan shi ne ribar irinmu. Masu hoto a Turai da Amurka sun koma kyamarori marasa madubi, sun zubar da waɗannan a kasuwa, shi ya sa yau ta hannu mai lafiya ba ta kai rabin kuɗinta na farko ba, ko kusa. Ba zan faɗi farashi da naira ba, don yana bin dala ne, kafin ka karanta wannan ya sauya.

Amma bari in fara da gilashi, domin a nan mutane suka fi asarar kuɗi. Yawancin kyamarori masu araha suna zuwa da gilashin 18-55mm, wanda idan ka jawo abu kusa buɗinsa, wato kafar da haske ke shiga, ke tsayawa a f/5.6, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar f, gwargwadon faɗin buɗin. Gilashin f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Ka lissafa da kanka da ISO, lambar da ake ɗagawa don ƙara wa hoto haske idan wuri ya yi duhu: hoton da zan ɗauka a ISO 3200 da gilashina, mai f/5.6 sai ya kai wajen ISO 32000 kafin ya samu irin haskensa a gudun shota ɗaya. Babu kyamarar da ke cikin kuɗin talaka da za ta ba ka hoto mai tsabta a can. Na sha ganin matasa sun zuba duk abin da suka tara a jikin kyamara sabuwa fil, suka bar ta da gilashin da ta zo da shi, magariba na yi sai su rataye ta a wuya su koma kallo. Tsohon jiki da gilashi mai faɗin buɗi ya fi sabon jiki da gilashin cikin kwali, a wannan aikin dai.

Me ya sa ake buƙatar hasken da yawa haka? Saboda gudun shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, ana auna shi da kason daƙiƙa. Ɗan dambe a tsaye, ya miƙa hannun kariya yana auna abokin karawarsa, ko 1/250 ta ishe ka. Da ya kai naushi labari ya canza. A 1/500 jiki da fuska suna fita sarai, amma hannun ɗaurin yakan zama dishi-dishi. Sai a 1/1000 nake ganin zaren da aka naɗe a hannun, da gumin da ke tashi idan naushi ya sauka. Kowane ninki na gudun shota yana cinye rabin haskenka, kuma ISO ce ke biyan bashin.

A nan D750 take cin kuɗinta. Sansarta, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, babba ce, milimita 35.9 da 24, ta ninka ta ƙananan kyamarori irin su D7200 ko Sony a6000 fiye da sau biyu a fili, don haka tana tara haske fiye da su a buɗi ɗaya da gudun shota ɗaya. Megafiksel 24 ne, ba su yi yawa ba, ba su yi kaɗan ba. A ISO 3200 ba na ko tunani. A 6400 yashi-yashin da ɗaga ISO ke jawowa yana bayyana a inuwa, amma mai laushi ne kamar garin gero, ba irin ɗigon ja da kore da ke ɓata fata ba. Wannan ya fi damuna fiye da komai, domin fatar 'yan dambenmu baƙa ce, jiƙe da gumi, a gaban duhu, kuma a irin wannan wuri ne ƙaramar sansa take mayar da fuska tabo. Har 12800, wanda shi ne iyakarta ta asali, na fitar da hotunan da aka sa a Facebook ba wanda ya ce uffan. Sama da haka akwai lambobi har 51200, ni dai ban ga amfaninsu ba. Wani abin da na yaba shi ne yadda hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yake jure a ɗaga masa inuwa a kwamfuta. Nakan rage haske kaɗan da gangan don kada fitila ta ƙone goshi da kafaɗa, daga baya in ɗago sauran.

Sai kama saiti, wato kyamara ta fitar da wanda kake ɗauka sarai, wanda shi ne rabin aikin. Hoto mai yashi ana iya gyara shi, wanda saiti ya kuɓuce masa kuwa sai shara. D750 tana da ɗigon saiti 51, 15 daga ciki masu ganin layi ta tsaye da ta kwance, kuma an ƙera ta ta kama abu har a duhun da ake aunawa da -3 EV, wato kusan hasken farin wata. A aikace, ɗigon tsakiya ba sa ba ni kunya ko da ido na ya fara wahalar rarrabe fuska. Ina sa ta a AF-C, inda saiti ke bin abu mai motsi ba tsayawa, in zaɓi tsarin rukuni, wanda ke haɗa ɗigo biyar su yi aiki tare, in ɗora su a ƙirjin wanda nake bi. Ƙirji ya fi kai zama wuri ɗaya, kuma layu da guraye da wandon suna ba kyamara abin kamawa. Na kuma mayar da saitin kan maɓallin AE-L/AF-L na baya, babban yatsa yana bin ɗan wasa, manuni yana jiran lokaci. Da alƙali ko mai kirari ya gitta, sai in ɗage yatsa, saiti ya tsaya inda yake.

Inda take wahala shi ne ƙura. Idan ƙafafu suka tayar da ita, fitila kuma tana bayan 'yan wasan, komai yakan zama fari-fari, saiti ya yi ta kai da komo. Wannan ba laifin wata kyamara ba ne, maganinsa shi ne ka zauna inda fitila take bayanka ko a gefenka. Kuma ɗigon 51 ɗin duk sun taru ne a tsakiyar hoto, haka ƙirarta take, don haka idan kana son ɗan wasa a can gefe sai dai ka ɗauka da faɗi ka yanke daga baya.

A takarda, raunin D750 shi ne gudu: hoto 6.5 a daƙiƙa. Canon 7D Mark II, wadda ita ma ta 2014 ce, tana yin 10, da ɗigon saiti 65. Nikon D500 ta 2016 tana yin 10 da ɗigo 153. Ita kuwa a6000 har 11. Na daɗe ina auna wannan kafin in saya, kuma da ƙwallon ƙafa nake ɗauka da rana, ko sukuwar dawaki a hawan sallah, da 7D Mark II ko D500 zan nufa, don ƙaramar sansa tana ƙara jawo abin da ke nesa. Dambe ba haka yake tafiya ba. Yawancin turmi tsayuwa ce da zagaye da auna juna, sannan abu ya faru cikin ƙiftawar ido. Wanda ya san wasan yana ganin naushi kafin ya taso: ƙafar baya ta kafe, kafaɗa ta sauka, kalangu ya ƙara zafi. Idan ka danna a nan, hoto uku ko huɗu sun ishe ka samun saukar hannu da faɗuwa. Wanda bai san wasan ba, ko 20 aka ba shi a daƙiƙa, zai cika kati ne da hotunan mutum biyu suna kallon juna. Na zaɓi tsabtar hoto a duhu a kan yawan hotuna, kuma ban yi nadama ba.

Sai dai ka san ma'ajiyarta ta wucin gadi ƙarama ce. A RAW mafi nauyi, mai bit 14, hoto kusan 15 take ɗauka a jere kafin ta rage gudu, abin da bai kai daƙiƙa uku ba. Kisa a dambe ba ya ƙarewa da faɗuwa. Bayansa ne ake rugowa fili, a ɗaga wanda ya yi kisa, makaɗa su taso, masu liƙi su biyo, kuma sau da yawa hoton da ya fi sayuwa yana cikin wannan hargitsin. Na koma RAW mai bit 12, wanda ke ba da kusan 25, kuma a ISO mai yawa ban ga bambancin da ido zai kama ba. Ka sa katin SD mai saurin rubutu. Ramin kati biyu ne, ina sa na biyun ya riƙa kwafe na farko.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa wa mai saye ba, ita ce ƙyaftawar fitila. Lantarkinmu mai zagaye 50 ne a daƙiƙa, don haka fitilu da yawa, musamman masu arahar nan, suna haske suna dusashewa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma shota a 1/1000 tana gani. Sai ka ɗauki hoto biyar a jere, biyu su fito da haske, ɗaya ya yi duhu, wani rabinsa kore rabinsa ruwan ɗorawa. Idan janareta ne ke ba da wutar abin ya fi muni, don gudunsa yana hawa yana sauka. 7D Mark II da D500 da D7500 suna da tsarin da ke jinkirta shota ta dace da lokacin da fitila ta fi haske. D750 ba ta da shi a hoto. Wannan ne kaɗai abin da nake kallon waɗancan da shi ina haɗiyar yawu. Abin da nake yi shi ne in ɗauki RAW, in sauko 1/500 idan fitilun wurin sun cika ƙyaftawa, in kuma yarda cewa wasu hotunan sai dai a mayar da su baƙi da fari. Dambe ma yana kyau a haka.

Filasha tana jikinta, ban taɓa ɗaga ta a fili ba. Mutumin da ke jiran naushi ba ya buƙatar a haske masa ido.

Batir kuwa sai godiya. An auna batirinta, EN-EL15, a kan hoto 1,230 a caji ɗaya, kuma da yake ta madubi ake leƙawa ba ta allo ba, yakan wuce haka. A garin da ba ka da tabbacin samun wuta kafin gobe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita a6000 ba ta kai 400, sai ka cika aljihu da batura. Riƙonta ma yana da zurfi, hannu ba ya gajiya, ga allon baya yana lanƙwasawa idan kana son ɗauka daga ƙasa. A kan maɓallin juyi na sama akwai guraben ajiye tsari guda biyu, na ajiye tsarin rana a U1, na magariba a U2: buɗi f/2, shota 1/1000, ISO tana hawa da kanta zuwa 12800. Da haske ya tafi, juyi ɗaya ne.

Shi gilashin 85mm bai wuce giram 350 ba, kuma daga bakin da'ira yana ɗauko mutum biyu daga gwiwa zuwa kai idan suna tsakiya. Da suka matso gefenka ya yi tsawo, sai ka samu kafaɗa da kunne. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya fara da 50mm f/1.8G, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ya fi yafiya idan wasa ya zo gabanka. A f/1.8 kaurin abin da ke fita sarai siriri ne ƙwarai, fuskar ɗaya tana fita ta ɗayan ta narke, shi ya sa nake zama a f/2 ko f/2.2 muddin haske ya bari. Gilashin 70-200mm f/2.8 shi ne burin kowa, amma ko na hannu yakan fi jikin kyamarar tsada, kuma hasken da yake shigarwa bai kai rabin na f/1.8 ba.

Idan za ka saya, kada ka biya sai ka riƙe ta a hannu. Ka ɗauki hoto ɗaya ka duba adadin bugun shota a cikin bayanansa, an gwada ta ne a kan 150,000, kuma masu hoton biki a waje suna ba ta wuya kafin su sayar. Kamfanin da kansa ya fitar da sanarwa tsakanin 2015 da 2017 cewa shotar wasu da aka ƙera daga 2014 zuwa 2016 tana iya jefa inuwa a hoto, don haka ka ɗauki fili mai haske a 1/4000, wanda shi ne iyakar gudunta, ka duba ko wani gefe ya yi duhu. Ka ɗauki farin bango a f/16 don ganin dattin sansa. Ka gwada ramukan kati duka biyun. Ka haska tocila cikin gilashi ka nemi hazo ko fumfuna, musamman idan kayan sun kwana a Legas. Sannan ka roƙi mai shago ya kashe fitila, ka sa yaronsa ya tako zuwa gare ka, ka ga ko saiti yana bin sa.

Mai son bidiyo don TikTok ko YouTube ya nemi wata. D750 tana tsayawa a 1080, ba ta da 4K, kuma idan aka koma kallo ta allo saitinta yana da nawa, ba zai bi ɗan dambe ba. A wannan fannin Sony a7 III ta 2018 ta yi mata nisa, ga hoto 10 a daƙiƙa, ga ganin duhu, sai dai kuɗinta da na gilasanta wani aji ne daban. Ni hoto nake sayarwa, 'yan wasa da iyayen gidansu su ne masu saye, kuma abin da suke tambaya kullum shi ne ko an kama lokacin da hannu ya sauka.