Gargaɗi ga masu neman ƙaramar kyamarar fim: a kula da 'yan damfara

Jama'a, tun da matasa suka koma sha'awar hoton fim, kuɗin ƙananan kyamarori masu saita hoto da kansu ya tashi, musamman Olympus mju-II, Yashica T4 da Contax T2. An daina ƙera su tuntuni, duk wadda za ka samu ta hannu ce, kuma idan ta mutu da ƙyar ake samun kayan gyaranta. Macuta sun gane haka, sun bazu a Instagram da Facebook da zaurukan WhatsApp suna yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Cutar da ta fi yawa ita ce ta suna. Olympus mju-II da ake rububi ta fito a 1997, a Amurka ana kiranta Stylus Epic, gilashinta na ɗaukar hoto (lens) guda ne ba ya zuƙowa, kuma an rubuta 35mm 1:2.8 a jikinta. Akwai kuma wasu masu kama da ita da ba su kai ta daraja ba: mju ta farko ta 1991 mai 1:3.5, da mju-II Zoom 80 mai 38-80mm. Mai sayarwa zai rubuta "mju II" kawai, ya ɗauki hoton kyamarar da murfinta a rufe, ya sa kuɗin ta asalin. Haka ake yi da Yashica T4 mai gilashin Carl Zeiss Tessar 35mm f/3.5, a miƙo maka T4 Zoom a madadinta. Kada ka tura ko sisi sai ka ga hoton gabanta a buɗe, lambobin suna karantuwa.

Wata kuma ta fi wannan muni. Akwai kyawawan ƙananan kyamarori irin su Canon IXUS ta 1996 da Contax Tix waɗanda wani ƙaramin fim da ake kira APS suke ci, ba fim ɗin 35mm da aka saba da shi ba. An daina yin fim ɗin APS tun 2011. Kyamarar za ta kunnu lafiya lau, amma ba ka da sabon fim da za ka sa mata. Ka nemi a buɗe bayanta: ta 35mm ƙofar bayanta gaba ɗaya take buɗewa, ta APS ɗan ƙaramin murfi ne kamar na batir.

Idan ka ji an ce "ba a gwada ba, babu batir", ka ɗauka ta mutu har sai an nuna maka akasin haka. Batir ɗin mju-II da T4 da T2 guda ɗaya ne, CR123A, Nikon L35AF ta 1983 kuwa AA biyu take ci. Wanda ke neman maƙudan kuɗi amma ya ƙi sayen batir, ya riga ya gwada ne.

Ka buƙaci bidiyo guda ba yankewa, da takarda a gefe mai sunanka da kwanan watan ranar, domin da yawa hotunan wasu suke sata daga eBay, kyamarar ma ba ta hannunsu. A cikin bidiyon a zame murfi gilashi ya fito ba tare da gurnani ko tsayawa ba. A danna, filashi ya haska, ya sake cika cikin 'yan daƙiƙu. A nuna allon lambobi ba baƙin tabo. A buɗe gidan batir: farin gari ko kore a kan ƙarafan yana nufin tsohon batir ya taɓa zuba a ciki, kuma sau da yawa ɓarnar ta wuce inda ido ke gani. A haska tocila cikin gilashi, idan ka ga zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ce. Daga nan a sa tsohon fim na gwaji: a mju-II harafin E zai koma 1 idan injin ya ja, sannan a nuna ta nannaɗe fim ɗin ya koma gwangwaninsa. Ka rubuta lambar siriyal da ke jikinta, ka gwada da wadda aka kawo maka.

Abu ɗaya bidiyo ba zai nuna ba, wato yoyon haske. Robar da ke kewaye da gilashi tana tsufa, haske ya riƙa shiga yana barin farin tabo lanƙwasasshe a gefen hoto, kuma masu zuƙowa sun fi fama da shi. Sai an wanke fim ake gani. Don haka ku yi yarjejeniya a rubuce cewa za ka mayar idan fim ɗin farko ya fito da matsala. Ka biya bayan kaya ya iso hannunka, ko ta hanyar da ke da kariyar mai saye. Wanda ya nace sai ka tura ta "Friends and Family" a PayPal, ya san ba ka da hanyar karɓo kuɗinka ne.

A wajen fim ma ana ha'inci. Waɗannan kyamarori suna karanta ƙarfin fim wajen kama haske (ISO) daga tabon azurfa da baƙi da ke jikin gwangwani, wato DX, kuma mju-II ba ta da inda za ka canja ISO da hannu. Idan babu DX sai ta ɗauka 100 ne. Masu naɗa fim ɗin sinima na Kodak Vision3 a tsofaffin gwangwanaye ba kullum suke gyara tabon ba, sai ka sa 500T mai ISO 500 kyamara ta karanta 200. Irinsa mai baƙin shafi a baya wankin fim ɗin sinima, ECN-2, yake buƙata, idan aka sa shi a injin C-41, na wankin fim mai launi da aka saba, zai ɓata ruwan maganin mai wanki. Sannan da salatif ake liƙa shi, injin kyamara na iya fizge shi a ƙarshen naɗi. Sayar da shi ba laifi ba ne, ɓoye ko mene ne shi ne cutar.

Fim da ya wuce wa'adi yana buƙatar ƙarin haske, wanda kyamara irin mju-II ba za ta ba shi ba, kuma zafi irin na Kano ko Sakkwato a watan Afrilu yana gama da shi ko da kwanan wata bai cika ba. Kalmar "a firji yake" ba hujja ba ce. Don gwajin farko ka sayi sabon Kodak Gold 200 ko ColorPlus 200 idan da rana za ka ɗauka, UltraMax 400 don yamma da cikin ɗaki, a kwalinsa a rufe da wa'adi a rubuce. Ka tabbatar da wurin da zai wanke maka C-41 tun kafin ka saya, ka ƙare naɗin cikin kwanakin da kuka yi yarjejeniyar mayarwa.